Yadda Ake Tattara Tsofaffin Fina-finan Naitiret da Adana Su

Daga 1889, lokacin da kamfanin Eastman, wanda daga baya ya zama Eastman Kodak, ya fara sayar da fim mai naɗuwa, har zuwa wajen 1951, kusan duk abin da aka haska a gidan silima a kan naitiret aka buga shi. Auduga ce ake jiƙawa da asid, a haɗa ta da kafur, a shimfiɗa ta ta zama falle mai haske kamar gilashi, sannan a shafa mata sinadarin azurfa mai ɗaukar hoto. Waɗanda suka taɓa ganin irin wannan fim a allo sukan yabi zurfin baƙinsa da ƙyallin farinsa. Amma ɗan'uwan audugar albarushi ne. In ya kama wuta shi ke samar wa kansa iskar da yake ci, don haka ruwa ba ya kashe shi, yashi ba ya kashe shi, bargo ma haka. Ko a nutsar da shi cikin ruwa sai ya ci gaba da ci.

To me ya sa mutum mai hankali zai neme shi? Saboda sau da yawa gwangwani ɗaya da aka manta a wani lungu shi ne kaɗai abin da ya rage. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa cikin dogayen fina-finai marasa sauti 10,919 da aka yi a Amurka tsakanin 1912 da 1929, kashi 70 cikin ɗari sun salwanta gaba ɗaya. Abin da ya tsira kuwa, da yawansa a wuraren da ba a zata ba aka tsinto shi. A 1978 an tono naɗi 533 a garin Dawson na Kanada, cikin wani tsohon wurin ninƙaya da aka cike da su a 1929, daskararriyar ƙasa ta riƙe su shekara kusan hamsin. A 1994 kuma aka samu dodon hoto kusan 800 na kamfanin Mitchell da Kenyon cikin gangunan ƙarfe a ƙarƙashin wani shago a Blackburn ta Ingila, ɗauke da fuskokin ma'aikata da 'yan makaranta na farkon ƙarni na 20.

Ra'ayina tun daga farko shi ne: mai tattara naitiret ɗan riƙo ne. Aikinsa ya gano fim ɗin, ya tsayar da lalacewarsa, ya kai shi inda zai daɗe. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Tanadi wurin ajiya kafin ka karɓi ko da naɗi ɗaya

Yawancin masu sha'awa sukan fara da saye, daga baya su tsaya tunanin inda za su saka. A naitiret wannan tsari ya juye. Ka fara duba dokar kashe gobara ta ƙasar da kake, domin ƙasashe da yawa sun ƙayyade adadin da za a iya ajiyewa da irin ginin da za a ajiye. A Amurka, alal misali, akwai ƙa'ida ta musamman mai suna NFPA 40 a kan wannan kaya kaɗai. Ka karanta takardar inshorar gidanka. Mai yiwuwa ne ajiye shi ya soke ta. Sannan ka tuntuɓi rumbun adana fina-finai mafi kusa da kai. Ƙungiyar irin waɗannan rumbuna ta duniya, FIAF, wadda aka kafa a Faris a 1938, tana da jerin mambobinta, kuma ma'aikatansu sun saba da irin wannan kira.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A watan Yuli na 1937, cikin tsananin zafi, rumbun kamfanin Fox da ke Little Ferry a jihar New Jersey ya tashi da kansa, naɗi sama da 40,000 suka ƙone. A ranar 15 ga Mayu 1929, hotunan ƙashi na naitiret suka kama wuta a wani asibiti a Cleveland, mutum 123 suka mutu, akasarinsu hayaƙin ne ya kashe su tun wutar ba ta iso gare su ba. Rumbun gwamnatin Amurka da ke Suitland ya yi asarar fiye da ƙafa miliyan 12 na fim ɗin labarai a Disamba 1978. Waɗannan wurare ne masu ma'aikata da gine-gine na musamman. Ɗakin kwana, ƙarƙashin rufin kwano, da but ɗin mota ba sa cikin lissafi.

Tabbatar da abin da ke hannunka

Ba duk tsohon fim ne naitiret ba, kuma wannan mataki yana rage wa mutum fargaba mai yawa. Fara da faɗi. Ɗauko ma'auni: in faɗin fim ɗin milimita 16 ne ko 8, kamfanonin Turai da Amurka a kan asitet, wato fim marar saurin kama wuta, suka yi su tun farko, domin don gida aka ƙirƙiro su, na 16 a 1923, na 8 a 1932. Haka na Pathé mai milimita 9.5. Wanda ake tuhuma shi ne mai milimita 35, mai huji huɗu a kowane gefen hoto.

Sai rubutun gefe. Bayan ka buɗe gwangwanin yadda mataki na gaba ya nuna, ka warware kamar kamu biyu ko uku, ka ɗaga wajen hasken taga ko fitilar da ba ta zafi, ka duba bakin fim ɗin bayan hujin. Tun shekarun 1920 Kodak ta riƙa buga NITRATE FILM a gefen nata, ta kuma buga SAFETY FILM a kan asitet. Nan akwai tarko da ke kama sababbin shiga. Lokacin da ake buga kwafi daga dodon hoto, rubutun gefen dodon yakan haye kan sabon fim ɗin. Don haka kana iya ganin kalmomin biyu a fim ɗaya. Ka dubi launin haruffan: baƙaƙen haruffa a kan gefe mai haske su ne na fim ɗin da ke hannunka, fararen haruffa cikin duhu kuwa gado ne daga wanda aka kwafo. Kar kuma ka yanke hukunci daga farkon naɗi kawai, domin masu haska fim na da sukan yi faci da duk abin da suka samu, naɗi ɗaya ya ƙunshi iri biyu.

A gefen nan dai za ka ga ƙananan alamu: da'ira, murabba'i, mai kusurwa uku, ko alamar tarawa. Lambar shekarar da aka ƙera fim ɗin ce. Kodak ta Amurka ta fara da da'ira ɗaya a 1916, murabba'i ɗaya a 1917, mai kusurwa uku a 1918, tsarin kuma yana maimaituwa duk bayan shekara 20. Ke nan da'ira ɗaya tana iya zama 1916 ko 1936. In akwai siririn layin sauti tsakanin hoto da huji, to 1936 ce, tunda sauti bai shigo silima ba sai ƙarshen shekarun 1920. Masana'antun kamfanin na wasu ƙasashe suna da nasu jerin daban, sai a kula.

Akwai gwaje-gwajen sinadarai. Ɗigon sinadarin difenilamin yana mayar da naitiret shuɗi mai duhu, haka nan naitiret yana nutsewa cikin tirikuloro'etilin alhali asitet yana tasowa. Duka biyun na ɗakin gwaji ne. Na farko da asid mai ƙarfi ake haɗa shi, na biyu guba ne. Gwajin ƙona ɗan guntu kuwa, wanda za ka ji wasu suna ba da shawara, ban ga dalilinsa ba ga wanda yake zaune kusa da cikakken gwangwani. Ƙa'ida mai sauƙi ta wadatar: fim mai milimita 35 da aka yi kafin 1952, wanda babu baƙin rubutun da ya wanke shi, ka ɗauke shi a matsayin naitiret. In daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet ko Sin ya fito, ka ƙara shekaru a kan wannan iyaka, domin can an daɗe ana ƙera shi bayan Amurka ta daina.

Buɗe gwangwani da karanta halin da fim yake ciki

Wannan shi ne matakin da ya fi bukatar natsuwa. Ka yi shi a wuri mai iska sosai, cikin inuwa, nesa da taba, murhu, hita da duk abin da ke tartsatsi. Ka sa tabarau na kariya da safar hannu ta roba irin ta naitiril, in kuma ka ji wari tun kafin buɗewa, ka sa takunkumi mai matatar hayaƙin asid; na ƙyalle ba ya tare komai a nan. Gwangwani ɗaya za ka fito da shi, sauran su zauna nesa. In murfin ya yi tsatsa ya ƙi buɗuwa, kada ka doke shi da guduma ko ka ɓanɓare da ƙarfe. In ya kumbura, ko gari mai launin ƙasa yana zubowa ta bakinsa, ka bar shi a rufe ka kira ƙwararru. Sa'ad da kake ɗaga murfin, ka karkata shi ya fuskanci nesa da kai, ka ba shi mintuna ya sha iska kafin ka leƙa.

Masu wannan aiki sun kasa lalacewar naitiret hawa biyar. A hawa na farko fim ɗin yakan yi ruwan zuma, hoton ya fara dusashewa, amma yana warwaruwa lafiya. A na biyu fuskar hoton takan yi danƙo, ka ji tana ɗan kama safar hannunka, da wari mai ɗan hawa kai. A na uku ƙuraje na iska sun fito, wasu wurare sun yi laushi, warin ya yi ƙarfi har yana sa hawaye. A na huɗu naɗin ya manne ya zama dunƙule ɗaya, wani lokaci da kumfa a samansa. A na biyar ya koma gari.

Na farko da na biyu ana iya kwafe su. Na uku ana iya ceto wasu sassansa in an yi sauri, kuma aikin ƙwararru ne. Na huɗu da na biyar sun tafi.

Abin lura shi ne ruɓar ba ta tafiya bai ɗaya. Kana iya samun zagayen waje fes, tsakiyar kuwa ta narke, musamman inda fim ya daɗe yana taɓa ƙarfe mai tsatsa. Rubutun da ake sakawa tsakanin fage da fage a fina-finai marasa sauti shi ma yakan riga sauran lalacewa. Kwanta naɗin ka dubi gefensa da kyau: zobe mai duhu ko mai sheƙi a tsakiyar zagayen alama ce ta inda cutar take. Dalilin yaɗuwarta kuwa shi ne iskar da fim ɗin ke fitarwa yayin ruɓewa. In ta haɗu da laima sai ta zama asid, asid ɗin ya ƙara cin fim ɗin, shi kuma ya ƙara fitar da iska. Gwangwani a rufe ruf cikin zafi yana hanzarta wannan zagaye. Sabon naitiret sai wajen digiri 150 a ma'aunin Salshiyas yake kamawa, amma a wani gwaji da hukumar ma'aunai ta Amurka ta yi a ƙarshen shekarun 1940, ruɓaɓɓen naɗi ya kama da kansa a digiri 41 kacal.

In abin da ka ji warin tsami ne irin na binega, wannan cutar asitet ce. Ba ta tayar da gobara, amma shi ma a ware shi.

Sake naɗi da rubuta bayani

Fim mai lafiya sai a ɗora shi a kan teburin naɗi na hannu, a juya a hankali, yatsu biyu suna riƙe da gefunansa kawai. Safar auduga tana da kyau ga fim mai tsabta, sai dai takan maƙale a yagaggen huji ta ƙara yaga shi, don haka a kula. In ka ji fim ɗin yana ƙara kamar ana ɓare abu mai danƙo, tsaya nan take. Ci gaba da ja zai ɗebe hoton ya bar shi a bayan zagayen da ke ƙasa.

Cire duk baƙon abu: robar ɗauri, tsohuwar jarida, salatif, ƙarfen naɗi mai tsatsa. Takardun da ke ciki kada a zubar, a ɗauki hotonsu a ajiye su daban, domin wani lokaci su ne kaɗai za su faɗi sunan fim ɗin. Ka naɗe shi a kan ƙwaryar roba mai faɗin inci uku, naɗi mai laushi daidai, gefensa a shafe ba tudu ba kwari. Ka haɗa sabon jagoran fim mai tsabta, wato guntun fim marar hoto, a farko da ƙarshe, ka rubuta lamba a kai. Wanki da sinadari ka bar wa ɗakin gwaji. Ruwa kuwa kada ya kusance shi, domin fuskar hoton da ta fara ruɓewa narkewa take yi a ruwa.

Kana naɗi kana rubutu: tsawo, alamun gefe, yawan faci, hawan lalacewa, inda ka samo shi da wanda ya riƙe shi kafin kai. Naɗi mai ƙafa 1,000, wato kimanin mita 300, yana ɗaukar minti 11 in an haska hoto 24 a daƙiƙa, nauyinsa kuma ya ɗan haura kilo biyu. Ka ɗauki hoton wasu firam, wato ɗaiɗaikun hotunan da ke jere a kan fim, da waya a kan haske mara zafi, musamman fuskokin 'yan wasa, allunan shaguna, lambobin motoci da tambarin kamfani. Da irin waɗannan ake gane fim ɗin da ya rasa kansa. Ka kuma rubuta launi. Fina-finai marasa sauti da yawa rina su aka yi, shuɗi don dare, ja don gobara, ruwan ɗorawa don hasken fitila, wasu ma da hannu aka shafa musu launi firam bayan firam. Kwafe-kwafen baya da yawa baƙi da fari aka yi su, don haka naka yana iya zama shaidar launin asali.

Sanyi, bushewa da warewa

Sanyi ne maganin, babu wani. Rumbun Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya da aka buɗe a Gaydon a 2011 yana riƙe fim a digiri 5 ƙasa da sifili, da laima kashi 35 cikin ɗari. Na Ɗakin Karatun Majalisar Amurka da ke Culpeper yana da ƙananan ɗakuna 124 na naitiret a wajen digiri 4 da laima kashi 30. An yi su ƙanana ne da gangan, kowanne da mafitar hayaƙi, don in ɗaya ya kama kada ya ja sauran. Ruwan da ke fesowa daga rufi ma aikinsa sanyaya maƙwabta ne, wanda ya kama ya riga ya kama.

Mai ajiya na ɗan lokaci ya kwaikwayi wannan gwargwadon hali. Kowane naɗi da gwangwaninsa, a kwance, kada a tara su da yawa a kan juna. Murfin ya zauna sakwa-sakwa, ba a liƙe shi da salatif ba, don iskar ta samu hanyar fita. A raba naitiret da asitet, da takardu, da sauran hotuna, domin iskarsa tana cin su. Ginin ya kasance daban da inda mutane ke kwana, mai inuwa, da na'urar auna zafi da laima a ciki.

Ga naɗi ɗaya ko biyu masu jiran tafiya rumbu, firiza ta musamman da ba a sa komai a ciki sai su tana aiki, in doka ta yarda. A nan kam sai an rufe gwangwanin cikin leda mai kauri ninki biyu. Za ka ce ai yanzu aka hana rufewa. Bambancin shi ne a cikin daskarewa ruɓar kusan tsayawa take yi, abin tsoro ya koma laima. In za ka fito da shi, ka bar shi cikin ledarsa a wuri mai sanyi kwana guda, gumin ya taru a bayan leda maimakon kan fim. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, wannan dabara ba ta da amfani. Narkewa da daskarewa a kai a kai ta fi sanyi matsakaici mai ɗorewa illa.

A duba kowane naɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda ya hau hawa na gaba a fitar da shi daga cikin 'yan'uwansa.

Ɗauka daga wuri zuwa wuri

A dokokin sufuri na duniya lambar naitiret UN 1324 ce, cikin rukuni na 4.1 na daskararrun abubuwa masu saurin kamawa. Ba a jefa shi a akwatin gidan waya, ba a sa shi a jakar hawa jirgi. Kamfanin da ke da lasisin ɗaukar kaya masu haɗari ne ke ɗaukarsa, cikin mazubi da aka amince da shi, wanda ya shirya kayan kuma sai yana da horo. Mai sayarwa da ya ce zai turo maka a kwali kamar littafi, ka ƙi. Sau da yawa rumbun da zai karɓa shi ke shirya jigilar.

Kwafi, da batun haskawa

Kowa yana son ya ga abin da ya samu a allo, amma kada ka sa naitiret a majigin gida. Tsohon fim yana tsukewa, hujinsa ya daina dacewa da haƙoran na'ura. In tsukewar ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari, haƙoran yaga shi za su yi. In kuma ya tsaya a gaban fitilar ko na ɗan lokaci kaɗan, ya kama. Wuraren da ke haska shi a yau 'yan kaɗan ne, irin su gidan tarihi na George Eastman da ke Rochester, wanda tun 2015 yake shirya bikin kallon naitiret. Ɗakin majiginsu mai jure wuta ne, da ƙyauren ƙarfe masu faɗowa su rufe tagogi, da ma'aikata a tsaye kusa da na'ura.

Hanyar gani ita ce sikana marar haƙora, mai jan fim da tayoyi masu laushi da haske mara zafi. Ka nemi a ɗauke shi a 4K, wato ma'aunin hoto mai tsabta sosai, har da gefuna da huji don alamun su fito, a ba ka ɗanyen fayil ɗin da ba a gyara ba tare da wanda aka gyara. In da hali a buga sabon kwafi a kan foliyesta, fim na zamani wanda ya fi duk sauran daɗewa. Bayan an kwafa, kada a hallaka na asali muddin yana da lafiya. An yi wannan kuskure a baya: rumbuna sun kwafe naitiret a kan asitet suka ƙone asalin, daga baya asitet ɗin ya kamu da cutar tsami, na'urorin kwafi kuma suka inganta, babu abin da za a koma wa. Naitiret da ya samu sanyi ya haura shekara ɗari yana nan garau.

Mallakar gwangwani kuma daban take da mallakar haƙƙin fim. Kafin ka sa shi a intanet ka bincika.

Wanda ya mutu, da wanda za a miƙa

Naɗin da ya kai hawa na huɗu ko na biyar shara ce mai haɗari. Ba a jefa shi a bola, ba a ƙona shi a fili, ba a binne shi. A nutsar da shi cikin ruwa a gangar ƙarfe, a ajiye a waje nesa da gini, a kira 'yan kwana-kwana ko kamfanin kwashe shara mai guba. Kafin nan, in akwai wani yanki mai hoto da ya rage, ƙwararre ya yanke shi. Firam goma ma suna iya tabbatar da cewa fim ɗin ya taɓa wanzuwa.

Mai lafiyar kuwa, rumbuna suna karɓa ta hanya biyu: kyauta, inda mallaka ke komawa gare su, ko ajiya, inda kayan ke zama naka su kuma su riƙe. Kowacce ka zaɓa a rubuta ta. Takardar ta faɗi wanda zai biya kuɗin kwafi, ko za a ba ka fayil, yadda za a ambaci sunanka, sharuɗɗan janyewa in ajiya ce, da abin da za a yi da fim ɗin bayan ranka. Ka haɗa musu da kwafin duk bayanan da ka rubuta, da hotunan gwangwanayen asali da takardun da ka ciro daga ciki.